Waiwaye: Daga Keken 'Yan Sabon Rai Zuwa Bas ɗin Mako Biyu

Duk shekara, da an gama yankan dawa hunturu ya kankama, sai takardar neman gudummawa ta fara zagaya majami'unmu na ƙasar Zuru: matasa za su ƙetare iyaka fita bishara, mako biyu, ko Jamhuriyar Benin ko Nijar. Bana ma ta fito, kuma bana ma an kai ruwa rana a kanta. Wani dattijon ikilisiya ya kira tafiyar yawon buɗe ido da Littafi a hammata. Wata uwa daga Zumuntar Mata ta miƙe ta ce, 'ya'yana, ga mutanenmu da suka gudo daga Danko-Wasagu da Sakaba suna rakuɓe a gidajen dangi, wace ƙasa ce kuma za ku nema? Su kuwa matasan suka buɗe Matiyu sura 28, suka ce umarnin kai bishara ga dukan al'ummai bai tsaya a garuruwan iyaka na Tsamiya ko Kamba ba.

Abu ɗaya ne ɓangarorin biyu suka yarda da shi ba tare da sun lura ba, wato cewa wannan al'ada sabuwa ce, daga Amurka ta zo, Facebook ne ya shigo mana da ita. A nan na saɓa da su duka. Na riƙe jakar kuɗin ƙungiyar matasa shekaru da dama, na kuma taɓa shiga irin wannan mota, kuma a iya sanina tushen abin ya girmi wayar hannu nesa ba kusa ba.

Tarihin farko kowane ɗan makarantar Lahadi ya san shi. A 1893 samari uku, Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent, suka sauka Ikko da niyyar shigowa ƙasar Sudan, sunan da Turawa ke kiran yankinmu a lokacin; biyu suka mutu a 1894, Bingham ne kaɗai ya rayu ya kafa abin da ya zama ƙungiyar mishan ta SIM. Wani ɗan mishan, Likita Miller, ya zauna Zariya, aikin fassara ya ci shekaru har cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932. Mu nan Turawan mishan na UMS ne suka iso mana a shekarun 1920, daga cikin aikinsu ɗarikar UMCA ta fito, asibitin Tungan Magajiya kuma ya zama wurin da iyayenmu ke kai marasa lafiya. Abin lura a wannan zamani shi ne, jirgin ruwa daga Ingila zuwa Ikko kaɗai yakan ci kusan mako biyu. Wanda ya zo, ya zo ke nan. Sai ya yi shekaru kafin ya ga gida, kuma kafin a bar shi ya buɗe baki a kasuwa sai ya zauna ya koyi harshe.

Ɓangaren Turai da Amurka ma ba ɓoyayye ba ne. A 1957 George Verwer da abokansa biyu suka yi hutun makarantarsu a Meziko suna raba littattafai, daga nan ƙungiyar bishara ta Operation Mobilisation ta samo asali. A 1960 aka kafa wata ƙungiyar bishara, YWAM, domin matasa. Jiragen sama masu sauri suka mayar da tafiyar makonni ta zama ta yini guda. Zuwa shekarun 2000, Robert Wuthnow na jami'ar Princeton ya ƙiyasta cewa Amurkawa wajen miliyan 1.6 ne ke fita ƙasashen waje irin wannan gajeriyar tafiya kowace shekara. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai ba ta wannan ƙofa abin ya shigo gidanmu ba.

Ya shigo ne ta Sabon Rai Don Kowa. Yau idan ka ce Sabon Rai, abin da ke zuwa wa yaro a rai shi ne ƙungiyar mawaƙa masu ganga da kacau-kacau da riguna iri ɗaya, waɗanda ake ba minti goma a sujadar Lahadi. Asalinta ba ƙungiyar waƙa ba ce. Gerald Swank, malami a makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kagoro, shi da wasu shugabannin ikilisiyoyi suka dubi wani tsarin bishara da aka gwada a Nikaragwa a 1960, suka ga zai yi a nan. A 1964 aka fara a lardunan Zariya da Filato, ɗarikoki daban-daban suka sa hannu, daga nan ya bazu cikin Arewa har ya ƙetara wasu ƙasashen Afirka. Tunanin da ke ƙarƙashinsa mai sauƙin faɗa ne amma ya juya komai: bishara ba aikin Bature ba ce, ba kuma ta fasto shi kaɗai ba, manomi da tela da matar aure kowa yana da rabo a ciki. Kafin nan, ɗan mishan mutum ne da ya sayar da komai ya tafi. Daga nan aka sami mutum na biyu, wanda zai tafi kwana uku ko mako guda ya dawo ya ci gaba da sussukar dawarsa. Gajeriyar tafiya ke nan, an haife ta a kan keke, shekaru da yawa kafin wani ɗan Zuru ya ga hoton Baturiya rungume da maraya a waya.

Kuma ta zauna da gindinta ne saboda ta tarar da abin da muka saba. Mutumin ƙasar nan ya san cin rani. Da an kai amfani rumbu, namiji yakan ɗauki jakarsa ya nufi wani gari ya nemi na kashewa, ya dawo kafin ruwan farko. Sabon Rai ta ɗauki wannan lokaci na rani da babu aikin gona, ta ce a ba Ubangiji wani yanki nasa. Ba wanda ya ji abin baƙo ne.

Mahaifina ya yi wannan fita a ƙuruciyarsa, kuma yadda yake ba da labarin ya sha bamban da yadda muke yi yanzu. Fitar ita ce kusan abu na ƙarshe. Sai an yi watanni ana taruwa gida-gida, mutum biyar ko shida, ana addu'a da asuba, kowa da sunayen waɗanda yake roƙa wa. Sannan a zauna da ɗan littafin koyarwa, darasi bayan darasi, har mutum ya iya faɗin bangaskiyarsa da bakinsa ba tare da ya yi ta kame-kame ba. Sannan a fara da unguwa, da dangin da ke bayan katanga. Sai bayan duk wannan ne ake ɗaura tabarma da fitilar ƙwai da ƙullin gari a bayan keke, su huɗu ko shida, a nufi ƙauyen da ba shi da majami'a. Suna isa sai gidan mai gari, su yi gaisuwa, su nemi izini. Da garinsu suke zuwa, domin an hore su kada su zama nauyi a kan kowa. Yakan ce idan an ba su tuwo sukan ci don kada su ɓata wa mai gida, amma gari sai sun bar masa.

Sai kuma abin da yakan fi nanatawa: komawa. Ƙauyen da suka je ba ya wuce tafiyar yini. Sun san Hausa, sun san Dakarci, wani lokaci ma akwai surukuta tsakani. Idan mutum biyu suka karɓi saƙon, bayan mako biyu ɗaya daga cikinsu zai sake hawa keke ya je ya gan su, haka har damina ta raba, da kaka kuma a ɗora. Ya taɓa ce mini, ɗana, zuwan farko gaisuwa ce kawai, a zuwa na biyar ake fara magana. A lokacin na ɗauka irin zancen tsofaffi ne.

Akwai kuma wata ƙafa da tsarin ke tsaye a kanta, wadda ba a cika ambata ba. Tun 1948 ikilisiyoyin da suka fito daga aikin SIM suka kafa ƙungiyar aika nasu masu bishara, wadda daga baya ta zama EMS ta ɗarikar ECWA, sauran ɗarikoki ma kowace da irin nata. Waɗannan su ne mazauna. Mutum ya kwashi matarsa da 'ya'yansa da garmarsa ya tare a ƙauyen da ba nasa ba, ya roƙi gona, ya yi noma kamar kowa, ya binne 'ya'ya a can idan ta kama. Ikilisiyar da ta aike shi tana tara masa dammunan dawa da ɗan abin sayen gishiri. Duk inda 'yan Sabon Rai suka buɗe ƙofa, ana sa ran a tura irin wannan mutum ya zauna. Mai zuwa ya koma da mai zama, tare aka tsara su, kamar turmi da taɓarya.

Abin da ya biyo baya ya zo a hankali, shi ya sa ba wanda zai iya nuna ranar. A shekarun 1970 makarantu da asibitocin mishan da yawa suka koma hannun gwamnati, Turawa mazauna suka ragu, a 1976 SIM ta miƙa ragowar ayyukanta ga ECWA. Nauyin ya dawo kanmu baki ɗaya. Hidimar ƙasa da aka fara a 1973 ta kawo mana matasa masu zafin bangaskiya daga Kudu, waɗanda sukan shiga ƙauyuka a ƙarshen mako da magunguna da aski da wa'azi, amma shekara guda ce tasu, kuma yawancinsu sai da tafinta. Majigi da janareta suka zo, suka sa ana iya tara gari guda a dare ɗaya, a ƙirga hannuwan da aka ɗaga, a rubuta a rahoto. Daga 1986 darajar Naira ta fara zubewa, ɗan alawus ɗin mai bishara ya zama ba ya kai shi tsakiyar wata. A cikin waɗannan shekaru ne hannunmu ya koyi wani sabon salon bayarwa. Tafiya tana da rana, tana da riga, tana da hoto, ana dawowa a ba da shaida a gaban jama'a a tafa. Buhun dawar mai bishara kuwa ba shi da ko ɗaya daga ciki, kuma wata mai zuwa ma sai an sake. Addu'ar asuba ta watanni ta taƙaice ta zama azumin kwana uku kafin tashi. Komawa ta biyar ta zama lambar waya da aka karɓa.

Da aka ɗauki wannan ragowar aka ƙetara da ita iyaka, sai giɓin ya fito fili. Shekarar da na bi, mu goma sha takwas ne. Muka bi ta Koko da Bagudo muka fita ta Tsamiya zuwa yankin Segbana. A can harshen Boko ake yi (ba ruwansa da karatun boko, sunan ƙabila ne), sai Fulatanci, sai Faransanci a ofis. Hausarmu ta yi mana ciniki a kasuwa, amma da aka zo maganar zuciya sai muka koma kurame. Mutum ɗaya ne ke fassara mana, mai bisharar da ke zaune a wurin shekara da shekaru, wanda muka sauka a gidansa. Ya bar gonarsa ta rani ya bi mu ƙauye-ƙauye har muryarsa ta dushe. Matarsa kan tashi tun duhu ta ɗora tukunya ta mutum ashirin da wani abu. Mun zo da shinkafa, gaskiya ne, amma ba mu zo da itace ba, ba mu zo da ruwa ba, kuma rijiyar da nisa. A kwana na tara na lura zabin da muka tarar a tsakar gida sun ragu sosai. Na ce, Mama, ina zabin nan? Ta yi dariya ta ce, ai kun cinye su, ɗana, baƙo ba ya cin miya lami.

Ni ke riƙe da lissafi, don haka na san abin da muka kashe a mota da riguna da canjin sefa. Ya fi abin da ikilisiyarsa ke aika masa a shekara. Da za mu tafi muka ba shi takarda mai sunaye sama da arba'in na waɗanda suka ɗaga hannu a ƙauyuka shida, muka ce ya bi su. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Babur ɗinsa na jingine a bango, tayar baya ba iska.

Ba zan ce tafiyar banza ce ba, don zan yi ƙarya. Biyu daga cikinmu a can suka fara jin kira, ɗaya yanzu yana makarantar tauhidi. Shi kansa mai bisharar ya ce rabon da ya yi waƙa da Hausa cikin taro har ya manta, kuma mutanen gari sun ga ashe yana da dangi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke zaune shi kaɗai. Masu cewa a soke tafiya gaba ɗaya ba su taɓa ganin fuskarsa a daren da muka iso ba.

Sai dai yanayin ya ƙara tsauri tun daga lokacin. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Jaka ɗaya ta sefa, wato sefa dubu, yanzu ta haura Naira dubu biyu. A duk tsawon rufewar nan ba bas ɗin matasanmu da ya ƙetara, mazaunan kuwa suna can, su da sunayen da aka bar musu.

A taron da aka yi makon jiya an ɗage maganar zuwa bayan Kirsimeti. Kafin a tashi na karɓi takardar kasafin na duba: kuɗin mota, riguna, abinci, katin rigakafi, man janareta, sai mai ɗaukar hoto. Na tambayi sakatare ko wasiƙar da mai bisharar nan ya aiko bara tana nan. Ya ce tana cikin fayil, ba a kai ga tattauna ta ba. Abu biyu ya roƙa a ciki, buhun masara da tayar babur.