Waiwaye kan rigimar "turo min": ba yau aka fara ba

Duk ƙarshen sati a zaurukan karatu na WhatsApp da Facebook da Telegram akwai wata al'ada da nake so ƙwarai, kowa ya zo ya faɗi abin da ya karanta a satin, wata ta sako hoton bango, wani ya kwafo layi biyu da suka tsaya masa a rai, wata ta ce wallahi littafin nan bai bar ta ta runtsa ba sai da ta ji kiran assalatu. Ta nan na san littattafai da yawa da ban taɓa jin ko sunansu ba. Amma ko minti biyar ba a yi sai ka ga amsa ta farko ta faɗo, "don Allah turo min", ta biyu "nima ina so", ta uku "mai dokumen ɗinsa ya taimaka mana".

A kan wannan ake ta ɗauki ba daɗi yanzu. Marubuta suna cewa an mayar da guminsu na banza, mutum ya kwana yana rubutu idonsa na ruwa a saka masa littafi a guruf kyauta, shi ya sa kusan kowane littafin kuɗi za ka ga an rubuta a samansa cewa duk wanda ya karanta bai biya ba ba a yafe ba. Masu karatu su kuma suna cewa to a ina za mu samu, shagon littafi babu a unguwarmu, wasu littattafan ma ko da kuɗinka ba za ka gansu ba. Har ta kai wasu na ba da shawarar a daina ambaton sunan littafin kuɗi a hirar mako gaba ɗaya, wai yabon ma talla ce ga masu fitar da littafin kyauta ba da izini ba. Wannan shawarar ce ta sa na ce bari in yi magana, don in aka daina faɗin abin da aka karanta ban san me ya rage a zauren ba. Kuma kusan kowa a rigimar yana magana kamar abin jiya ya faɗo daga sama tare da wayar Android, alhali tushensa ya girmi wasu daga cikin masu musun.

Farkon labarin kowa ya san shi, ba sai na daɗe a kai ba. Gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ita ta haifi ƙagaggun labarai na farko na boko, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, aka yi NORLA, hukumar adabi ta Arewa, a shekarun 1950, aka kafa kamfanin buga littattafai na NNPC a 1966, aka sake wata gasar da ta fito da sababbin littattafai a 1980. Mafi yawan waɗannan ta makaranta suka iso hannun mutane, a aji ko a laburare. Daga tsakiyar shekarun 1980 kuɗin ƙasa ya faɗi, takarda ta yi tsada, matasa suka daina jiran manyan kamfanoni suka fara kai rubutunsu maɗaba'a da kuɗin aljihunsu, mata suka shigo da ƙarfi, Kano ta zama cibiya, a shekarun 1990 aka yi ta muhawara a jaridu kan abin da aka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano, ko yana ɓata tarbiyya ko yana gyarawa. An rubuta digirori a kan wannan.

Abin da ya kamata a tuna daga wancan lokacin shi ne yawancinmu ba saye muke yi ba, haya muke karɓa. Ni dai a unguwarmu wani ɗan shago ne a bakin layi, ya ɗaura igiya ya rataye littattafai, naira biyar ko goma ka ɗauki ɗaya ka dawo da shi gobe, yana da wani tsohon littafin rubutu da yake saka sunan gida da sunan littafi. Matan aure ba su zuwa, yaro ake aikawa da 'yar takarda, "ka ce masa na biyun ya fito?" don a lokacin littafi ɗaya ana raba shi kashi biyu ko uku wani har huɗu, sirara-sirara. Kuma in ya shiga gida ɗaya to sai ya zaga, uwargida ta karanta, amarya ta karanta, 'yan mata su karɓa, a miƙa ta katanga ga maƙwabta kafin lokacin mayarwa ya yi. Haka a makarantun kwana, littafi ɗaya ya bi ɗaki guda gado-gado. Wato karanta abin da ba kai ka saya ba tsohon abu ne a wurinmu, kuma ba wanda ya taɓa kiransa sata.

Sai dai akwai abu biyu a tsarin haya. Mai haya da kuɗinsa yake zuwa Sabon Gari ko Kurmi ya saro, in littafi yana tashe ya ɗauki kwafi fiye da ɗaya, kuɗin ya bi ta hannun dillali ya kai ga marubuci ko da kaɗan ne. Na biyu, takarda tana mutuwa. Bango ya cire a liƙe da salatif, tsakiya ya ɓalle a ɗinke da zare, miya ta zuba, yaro ya yaga shafin ƙarshe, daga nan dole a sake saye. Kuma shi mai hayar shi ne zauren karatunmu na lokacin, shi zai ce maka wannan sabo ne, wannan mata sun yi ta kuka a kansa, wancan kada ka ɓata kuɗinka. Yabon littafi da karɓar kuɗinsa a baki ɗaya da hannu ɗaya suke.

To yanzu ga inda nake ganin abin ya juya, kuma ban cika jin ana ambatonsa a rigimar nan ba. Shekarun taifin.

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, amma sai bayan kusan shekara goma ƙananan wayoyin Nokia masu Opera Mini da 2go suka cika hannun 'yan mata da samari, Facebook ma ta wannan 'yar wayar ake shiga. A wajajen 2012 zuwa 2014 sai wani abu ya fara yawa, mutum ya ɗauko littafin da aka buga a takarda, ya buɗe shi a cinyarsa, ya dinga kwafe shi da babban yatsa a kan waya mai madannai, harafi-harafi, shafi biyu ko uku a rana, ya saka a guruf. Duk wanda ya taɓa rubuta doguwar wasiƙa da irin wannan wayar ya san wahalar da nake nufi, yatsa ya yi ciwo, caji ya ƙare ga babu wuta, wani lokacin ka gama shafi guda netwok ya ɗauke komai ya goge ka sake daga farko. Ba wanda yake biyansu ko kwabo. Don so suke yi, kuma ina faɗin wannan da gaske, na san waɗanda suka yi, ni ma na karanta littattafai da yawa ta hannunsu kuma na yi musu addu'a.

Kuma akwai masu buƙata ta gaskiya. Yarinyar da aka kai aure Legas ko Fatakwal inda babu mai haya, ɗalibai a Sudan da Masar, 'yan uwanmu na Maradi da Damagaram da sabon littafi kan daɗe bai iso musu ba, na zangon Kumasi, na Makka da Jidda, duk sai ga su a wuri ɗaya suna jiran shafin yau. Wata za ta ce ta karanta na ɗaya da na biyu tun tana sakandare ba ta taɓa samun na uku ba, sai wata ta ce ina da shi zan fara taifin ranar Litinin. A ranar sai ka ga godiya kamar ruwan sama, sannu da ƙoƙari, Allah ya huta gajiya, Allah ya bar zumunci. A idon kowa wannan aro ne, irin miƙa littafi ta katanga, katangar ce kawai ta yi tsawo.

Amma ba aro ba ne, kuma ba mu gane ba a lokacin. Wanda aka ara yana dawowa, yana tsufa, yana mutuwa. Wanda aka yi taifin ba ya tsufa, mutum dubu su karanta yana nan yadda yake, kowa kuma ya riƙe nasa. Kwafi ɗaya tak aka saya, wani lokacin ma shi ɗin na haya ne. Naira goman da take fita daga gida ta bi ta shagon bakin layi ta tafi kasuwa ta tsaya cak, ta koma kuɗin data. Sai godiyar ma ta sauya gida, sunan mai taifin ne a saman kowane shafi da ado da taurari, sunan marubucin a shafin farko kawai, in aka yi ta turawa daga guruf zuwa guruf wani lokacin ya ɓace gaba ɗaya, har yau akwai littattafan da ke yawo a waya mutane na tambayar wai wa ya rubuta. Neman izini kuwa bai zama al'ada ba, wasu sun nema an ba su, da yawa ba su ma san ta inda za su samu marubucin ba, marubutan takarda da yawa a lokacin ba su shigo intanet ba, waɗanda suka shigo wasunsu sun ɗauka talla ce za ta ƙara musu kasuwa. Ba a zauna an yi maganar ba sam, ba a sa wa abin suna ba, shekara biyu uku ya zama yadda ake yi.

Daga cikin masu taifin ɗin ne kuma aka samu marubutan onlayin na farko-farko, mutum ya ga tunda yana iya kwafe littafin wani kullum me zai hana ya rubuta nasa. Suka fara, kyauta, shafi-shafi, aka kafa ƙungiyoyin marubuta na onlayin kowace da tambarinta a saman shafi, kuma ladan da ake nema a lokacin kwament ne, marubuciya ta ce in ban ga sharhi ba gobe babu fostin. Nan hirar littafi ta yi armashi fiye da kowane lokaci, a yi ta faɗa kan wata jaruma kamar 'yar gidansu ce, a roƙi marubuciya kada ta kashe wane. Amma ku duba, yaran da suka fara karatu a wannan tsakanin ba su taɓa miƙa wa mai haya naira goma ba, ba su taɓa jiran na biyu ya fito kasuwa ba. Littafin farko da suka sani a rayuwarsu kyauta ya zo musu, daga hannun wadda ta ce musu ga shi ku karanta ku yi min addu'a. Su ne manya a zaurukan yau.

Abin da ya biyo baya sauri ya yi. A 2016 WhatsApp ya fara barin a tura PDF, guruf kuma ya koma ɗaukar mutum 256, sai aka dinga haɗe shafukan nan wuri ɗaya a dokumen, abin da aka yi wata uku ana taifin ya koma abin turawa cikin daƙiƙa. Shagunan haya da yawa dama sun riga sun koma hayar faifan fim, daga nan cajin waya da tura finafinai. Da marubutan onlayin suka ga data da lokaci na cin su sai aka fara littafin kuɗi, a ba ka shafukan farko kyauta, in ya kai inda ba za ka iya haƙuri ba a ce naira ɗari biyu ko uku, ta banki ko katin waya, ka tura shaidar biya a saka ka a guruf na musamman. Kafin a wayi gari an fitar. An gwada manhajoji, wasu na sakawa a Wattpad, wasu sun sayar a OkadaBooks har ta rufe a ƙarshen 2023, wasu suna ArewaBooks, ga masu karanta littafi da murya a YouTube su ma da tasu rigimar izinin. Duk wannan ƙoƙari ne na maido da kuɗi cikin abin da aka shekara da shekaru ana bayarwa kyauta da hannu bibbiyu.

Shi ya sa in na ga ana zagin yarinyar da ta rubuta "turo min" nakan ji wani iri, ba wai don tana da gaskiya ba, marubuci yana da haƙƙi kuma haƙƙi ne da za a tambaya, amma ita abin da ta tarar ke nan. Hirar mako da muke yi ta gaji rabin aikin mai haya, wato faɗin wanne ne mai daɗi, ɗaya rabin na karɓar 'yan kuɗi kaɗan a miƙa gaba shi ne ba wanda ya gada.

A zauren da nake yanzu an sa doka, in za ki yabi littafin kuɗi ki haɗa da inda ake biya, kuma ba a tura dokumen. Wasu sun fita saboda haka, wasu sun fara biya. Amma satin da ya wuce wata ta sako hoton wani tsohon littafi na shekarun 1990 da ta tsinta a akwatin mahaifiyarta, bangon duk salatif, da hatimin wani shagon haya a shafin farko, mutane da yawa suka ce sun shekara suna nemansa. Babu shi a kasuwa, adireshin da ke bayansa akwatin gidan waya ne, ba wadda ta san inda marubuciyar take ko magadanta. Ta tambaya ko ta fara taifin. Har daren jiya ana musu a kai, littafin yana hannunta ba ta fara ba.