Kaunsilin ba sulhu ba ne

Kalmar “kaunsilin”, wato zama da ƙwararre don a taimaka wa mutum ya warware matsalarsa, ta cika rediyo da TikTok, kowa ya zama “kaunsila” ko “koci” na zamantakewar aure. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake ɗaukarta daidai da sulhu. Mai sulhu ya san inda zai sauka tun kafin ya zauna, so yake a koma ɗaki, kuma aikinsa na da lada da daraja. Amma akwai ma'auratan da ba su kai nan ba tukuna, ɗaya ya riga ya sa ƙafa a waje, ɗaya yana riƙe da ƙofa. Idan aka haɗa su aka ce a yi haƙuri, mai son tafiya zai gyaɗa kai don kunyar manya, bayan wata biyu a sake jin rigima.

Saboda irin waɗannan ne Farfesa William Doherty na Jami'ar Minnesota a Amurka ya tsara wani salo na daban, zaman tantance matsayi. Wani alƙalin kotun iyali a Minneapolis, Bruce Peterson, ya lura cewa da yawa cikin masu neman saki a gabansa ba su gama yanke shawara ba. Binciken da shi da Doherty suka fitar a 2011 ya nuna kusan kashi 30 cikin 100 na iyayen da ke kan hanyar rabuwa suna da sha'awar a taimaka musu su gwada gyara.

Zaman ba ya wuce biyar. Mafi yawan lokacin ma ba tare ake ganinsu ba, ana keɓewa da kowa shi kaɗai, domin maganar da za a yi da mai son tafiya daban take da ta mai son zama. A gabansu hanya uku ce: a ci gaba yadda ake, ko a rabu, ko a ajiye zancen saki na wata shida a duƙufa wajen gyara. Mai kaunsilin da aka horar a wannan salo ba ya zaɓar musu. Tambayar da yake matsa wa kowa da ita ita ce, mene ne naka kason a wannan lalacewar? Wannan tambayar ta fi komai burge ni, domin ko auren ya mutu, mutum da halinsa zai shiga na gaba.

Horon yana kuma koyar da inda ba a yin zaman sam: idan akwai duka ko barazana, ko an tilasta wa ɗaya zuwa, ko ɗaya ya riga ya yanke hukunci yana neman a lallashi ɗayan ne kawai. A Amurka, mai kaunsilin sai ya yi digiri na biyu, ya yi aiki ƙarƙashin kulawar ƙwararre, ya samu lasisi. “Koci” kuwa babu dokar da ta hana kowa kiran kansa haka.

Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce a naɗa mai hukunci daga dangin miji da wani daga dangin mata, kuma ta rataya dacewa a kan nufin gyara. Shin nufin yana nan? Wannan shi ne abin da zaman tantancewa yake fara bincika. Don haka wanda ya amsa kiran mace a rediyo, ya saurare ta minti uku, bai ji ta bakin mijin ba, ya ce “ki haƙura” ko “ki fita”, ra'ayinsa ya faɗa, bai yi kaunsilin ba.