Zagayen ƙafa a tsohon garin Kurɗuba tare da ɗan jagora: amsoshin tambayoyin da aka fi yi

Tambayoyi iri ɗaya ake ta maimaita mini game da zagayen tsohon garin Kurɗuba, kuma galibi sai mutum ya riga ya sayi tikitin jirgi yake tuna ya yi su. Na tara amsoshin a nan domin kowa ya karanta da kansa. Wanda ya sake aiko tambayar da amsarta ke ciki, nan zan maido shi.

Wannan ita ce Kurɗubar da muke ji a bakin malamai?

Ita ce. Tana kudancin ƙasar Sifen, a yankin Andalus, a gaɓar kogin Guwadalkibir, kuma a allon tashar jirgin ƙasa Córdoba za ka ga an rubuta. A nan Yahya bn Yahya al-Laisi ya rayu har ya rasu a shekarar 848, mutumin da ruwayarsa ta Muwaɗɗa ce ake karantawa a zaurukanmu, kuma a nan aka haifi Ibn Rushd a 1126. Imam Alƙurɗubi mai tafsiri ma ɗan garin ne, amma a Masar ya rasu a 1273, saboda haka kada wani ya sa ɗan jagora neman kabarinsa.

Za a bar ni in yi salla a cikin babban masallacin?

Ba za a bar ka ba, kuma ina roƙon a daina gwadawa. Tun da Sarki Farnando na Uku ya ci garin a 1236 aka mayar da ginin coci, har yau kuma hukumar cocin Katolika ce ke riƙe da shi, ana ibada a cikinsa kullum. Masu gadi suna zagayawa, kuma da zarar sun ga mutum ya tayar da kabbara ko ya kai goshi ƙasa za su tsayar da shi. Wasu na ɗauka idan sun laɓe bayan ginshiƙi suka yi raka'a biyu da sauri sun yi wata bajinta, alhali abin da suke jawowa kawai shi ne a tsare rukunin da suke ciki, a kunyata ɗan jagoran da ke neman abincinsa a wurin, a kuma ƙara sa wa Musulmin da zai zo gobe ido. Ko ranka ya sosu, kuma zai sosu, ka riƙe kanka.

Wurin salla akwai shi a garin. Akwai ƙaramin masallaci da ake kira Morabito a cikin lambun dandalin Colón, arewa da tsohon garin, tafiyar ƙafa ce ba mai tsawo ba. Ka kuma lura cewa agogon Sifen ya yi gaba da rana sosai: a tsakiyar lokacin zafi azahar ba ta shiga sai bayan ƙarfe 2:00, magariba kuma sai an wuce 9:30 na dare, don haka zagayen safe ba ya cin lokacin kowace salla.

Kwana nawa ake buƙata?

Yini ɗaya ya isa zagayen, kwana biyu sun fi. Jirgin ƙasa mai gudu yana zuwa daga Madrid cikin ƙasa da awa biyu, daga Sevilla kuma kamar minti 45.

Wane irin zagaye ya kamata in biya, kuma na ƙarfe nawa?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci dogon bayani, kuma ba ni da amsa guda da za ta dace da kowa. Da farko a gane cewa abubuwa biyu mabambanta ake sayarwa da suna kusan ɗaya. Akwai zagayen da ake tallarsa a matsayin kyauta, inda ɗan jagora ke tsayawa da lema mai launi a wani dandali, a taru a bi shi kamar awa biyu, a ƙarshe kowa ya ba shi abin da ya sawwaƙa. Wannan ba ya shiga cikin gine-ginen, iyakarsa ya tsaya da ku a ƙofa ya ba da labari, kuma ba kyauta ba ne a gaskiya, domin tukwicin nan shi ne albashinsa, wanda ya sulale a kwanar ƙarshe ba tare da ya miƙa komai ba ya ci haƙƙi. Akwai kuma zagayen da ake biya tun farko, wanda yakan haɗa da tikitin shiga masallacin, wani lokaci har da fadar sarakunan Kirista da wurin ibadar Yahudawa, ya ɗauki awa uku zuwa huɗu. Kafin ka biya, ka karanta a hankali ka ga ko an rubuta ƙarara cewa tikitin shiga yana cikin kuɗin, domin sunan masallacin a saman talla ba ya nufin za a shigar da kai.

Idan yini ɗaya kake da shi kuma masallacin ne ya kawo ka, ni na fi karkata ga zagayen da ake biya, na farkon safiya, a ƙaramin rukuni. Amma wannan shawara tana da sharuɗɗa. In kai mai son tsayawa ne ka daɗe kana kallon abu, rukuni zai takura ka, domin ɗan jagora yana da agogo, yakan ba gaban mihrabi 'yan mintoci ya ce a wuce. Mafitar ita ce ka tambaya tun a waje ko a cikin ginin zagayen zai ƙare, saboda idan a ciki aka sallame ku kana iya zama ka ci gaba da kallo da tikitin nan, idan kuwa da masallacin aka fara aka fita zuwa lunguna, shi ke nan, tikitin ba ya maido ka.

Akwai kuma wata hanya da masu tattalin kuɗi ke bi. An saba buɗe ginin kyauta daga 8:30 zuwa 9:30 na safe, Litinin zuwa Asabar, ga masu shiga ɗai-ɗai, ba a yarda da rukuni ko bayanin ɗan jagora a wannan sa'a ba. Mutum na iya shiga shi kaɗai a lokacin, sannan ya fito ya bi zagayen lema na wajen ƙarfe 10:00 ko 11:00. Hanyar tana aiki, sai dai ba zan ɗora wa kowa ita a matsayin tabbas ba: ana dakatar da sa'ar a ranakun bukukuwan coci, ana fara kora mutane kafin ta cika, kuma wanda ya shiga ba tare da ya karanta komai ba zai fito bai bambance ginin wani sarki da na wani ba. Ranar Lahadi kuma ana rufe wa masu ziyara a tsakiyar yini saboda ibada. A duba jadawalin hukumar ginin a makon tafiya, kada a dogara da abin da wani ya gani bara.

Batun lokacin shekara ma yana sauya lissafin. A Yuli da Agusta zafi yakan haura digiri 40, an taɓa auna kusan 47 a watan Yulin 2017, don haka zagayen da zai kai ka ƙarfe 1:00 a waje ba abin yi ba ne, sai dai na sassafe ko na bayan faɗuwar rana. Na san za a ce mu 'yan ƙasar rana ne. A gida ba wanda ke yawon awa uku a kan dutse da tsakar rana yana ɗaga kai yana kallon gini. A farkon watan Mayu kuwa, lokacin bikin buɗe tsakar gidaje masu furanni, yanayi yana da daɗi amma garin cike yake maƙil, kuma wanda bai kama gurbi da wuri ba zai iya rasawa.

Wane takalmi zan sa?

Mai taushin ƙasa wanda ka riga ka saba da shi. Daɓen lungunan duwatsu ne da tsakuwar kogi da aka jera a tsaye, silifas da dogon takalmi ba sa jurewa.

Me zan fi sa wa ido a cikin masallacin?

Ka roƙi ɗan jagora ya bi da ku bisa tsarin yadda aka gina shi, domin ginin sau huɗu aka yi shi. Abdurrahman na Ɗaya, sarkin Banu Umayya a Andalus, ya fara wajen 785 da ginshiƙan da aka ciro daga tsofaffin gine-ginen Rumawa da na waɗanda suka gaje su, shi ya sa a sashen farko za ka ga ginshiƙan ba su yi kama da juna ba, wani an sa masa dutse a ƙasa don ya kai tsayin ɗan'uwansa. Da yake gajeru ne, sai magina suka ɗora baka a kan baka, ja da fari, jan na bulo farin na dutse, aka sami tsayin rufin. Abdurrahman na Biyu ya ƙara tsawo a ƙarni na 9, Alhakam na Biyu ya sake ƙarawa daga 961, shi ne kuma mai mihrabin nan da aka lulluɓe da ƙananan gutsattsarin gilashi masu ruwan zinariya, aikin da aka yi da taimakon gwanin da sarkin Rum ya aiko daga Kustantiniya. Almansur, babban wazirin halifa, ya zo a 987 ya tarar kogi ya tare kudu, sai ya faɗaɗa ta gabas, dalilin da ya sa mihrabin bai zauna a tsakiya ba ke nan. A sashensa ka matsa kusa ka duba bakan: duk dutse ne, jan fenti aka shafa don ya yi kama da bulo. A jikin wasu ginshiƙan wannan sashe kuma akwai alamomi da sunayen masassaƙan da suka yi aikin, ƙanana, sai an nuna maka.

Ginshiƙan da suka rage sun kai kimanin 850. Cocin da ke tsakiya an fara gina shi a 1523, kuma hasumiyar da Abdurrahman na Uku ya gina tana nan a cikin cikin hasumiyar ƙararrawa, wadda ake hawa da tikiti na dabam. Mihrabin ya fi karkata kudu, alhali alƙibla daga can kusan gabas take, kada ka zaci wayarka ce ta rikice.

Lemun da ke bishiyoyin harabar ana sha?

Ba a sha, mai ɗaci ne, kuma ba naka ba ne. Shiga harabar dai kyauta ce.

Idan ɗan jagora ya faɗi abin da ban yarda da shi ba fa?

Ka saurara, ka yi tambaya cikin ladabi, ka bar dogon musu. Zai yiwu ya ce an gina masallacin a kan wani tsohon coci, ya nuna muku wani rami mai murfin gilashi a daɓe inda ake hango tsohon daɓen ado a ƙasa. Masana binciken kufai na Sifen su kansu suna saɓani kan abin da wannan daɓen yake nunawa, kamar yadda ake ta ja-in-ja a ƙasar tun bayan da cocin ya yi wa ginin rajista da sunansa a 2006. Wannan gardama ba a tsakiyar rukunin mutum ashirin da suka biya kuɗinsu za a warware ta ba. Kwantar da hankalinka, yawancin masu wannan aiki sun san darajar abin da Banu Umayya suka bari, da shi suke alfahari.

Akwai mai yin bayani da Hausa?

Babu. Sifaniyanci da Turanci su ne a ko'ina, Faransanci ma ana samu, Larabci sai an nema tun da wuri.

Unguwar Yahudawa fa, akwai abin gani ko lunguna ne kawai?

Lungunan su ne abin ganin, kuma a nan ɗan jagora yake cin kuɗinsa, domin suna murɗewa kamar na cikin birnin Kano, taswirar waya ma takan ɓace a cikinsu. Za a kai ku wurin ibadar Yahudawa na 1315, ɗaki ne ƙarami mai zanen filasta a bango, ɗaya daga cikin uku kacal da suka rage a Sifen daga zamanin da ba a kori Yahudawa ba a 1492. Kusa da shi akwai mutum-mutumin Musa bn Maimun, malamin Yahudawa ɗan garin, takalminsa har ya yi ƙyalli saboda shafar masu ziyara, na Ibn Rushd kuma yana wajen ganuwa, a zaune da littafi a gwiwa. Lungun furanni da kowa ke son hoto a cikinsa gajere ne ƙwarai kuma ba ya ɓullewa, ka ɗauki hotonka ka ba na baya wuri.

Wasu mata sun miƙo mini reshen ganye a bakin masallacin, in karɓa?

Kada ka karɓa. Da ka riƙe za a kama tafin hannunka a fara yi maka duba, sannan a nemi kuɗi. Ka ce a'a, ka ci gaba da tafiya.

Abinci fa?

A nan ne nake ganin sakaci mafi yawa. Sanannen abincin garin, salmorejo, markaɗen tumatir ne da burodi da man zaitun da ake sha da sanyi, amma a kansa ake barbaɗa yankakken naman alade tare da dafaffen ƙwai, don haka ka ce sin jamón, wato ban da naman alade, tun kafin a zubo. Flamenquín alade ne ciki da waje. Wutsiyar bijimi kuwa da giya ake dafa ta. Soyayyen gauta da zumar rake da kifi sun fi sauƙin sha'ani, kuma akwai gidajen shayi da na abincin Maroko a kewayen masallacin. Idan zagayen da ka biya ya haɗa da ɗanɗanon abinci a ƙarshe, ka faɗa wa ɗan jagora tun da farko cewa ba ka shan giya ba ka cin alade, ba sai an ajiye kofi a gabanka ba.

Madinatuz Zahra tana cikin zagayen?

Ba ta ciki. Tana da nisan kilomita 8 yamma da gari, birnin da Abdurrahman na Uku ya gina bayan ya ayyana halifanci a 929, kuma rabin yini take ci ita kaɗai.

An sallame mu a bakin gada, mu tsallaka ko mu koma?

Ku tsallaka. Gadar tun zamanin Rumawa take, ko da yake an sha sake gina ta, tana da baka 16, tsawonta kusan mita 250, kuma motoci ba sa hawa. Daga hasumiyar Kalahora da ke ɗaya gaɓar ne ake ganin masallacin gaba ɗayansa, da rufin cocin ya ɓullo ta tsakiyarsa. A gefen gari kuma, ƙasa kaɗan da gadar, akwai ƙaton wilin katako irin wanda ake ɗebo ruwan kogi da shi zuwa lambunan fada. Babu inuwa ko kaɗan a kan gadar, saboda haka a lokacin zafi a bari sai la'asar sakaliya.

Ranar Litinin kaɗai nake da ita, zai yiwu?

Masallacin da gadar da lungunan suna nan, amma wurin ibadar Yahudawa da Madinatuz Zahra a rufe suke ranar Litinin, fadar sarakunan Kirista ma haka ta saba. In da hali ka sauya ranar zuwa Talata.