Waiwaye: Ranar da Sanyi Ya Tona Asirin Kwamfutoci Masu Kulle

Shekara da shekaru an sakankance cewa da zarar an ɗauke wa kwamfuta wuta, duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, wadda masu gyara ke kira RAM, ya gushe nan take. A kan wannan zato aka gina manhajojin kulle faifan ajiya. Muddin kwamfuta na aiki, mabuɗin kullen yana zaune ne a RAM, domin da shi take buɗe kowane fayil. Tun 1996 Peter Gutmann na Jami'ar Auckland a New Zealand ya yi gargaɗi cewa bayanai kan bar burbushi a ƙwaƙwalwa, amma kaɗan ne suka kula.

A watan Fabrairun 2008 masu bincike na Jami'ar Princeton a Amurka, ciki har da Alex Halderman da Edward Felten, suka fasa ƙwai. Sun saka hoton Mona Lisa a RAM suka yanke wuta. Bayan daƙiƙa biyar fuskar na nan daram, sai ta riƙa dusashewa a hankali, ba ta kusa ɓacewa ba sai bayan minti biyar. Daga nan suka ɗauko gwangwanin iskar da ake hure ƙurar kwamfuta da ita, suka kifa shi kai ƙasa, suka fesa wa RAM ɗin har sanyinsa ya kai digiri 50 ƙasa da sifili. Minti goma babu wuta, abin da ya lalace bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Suka tsinto mabuɗin. Manhajojin kulle BitLocker na Microsoft, FileVault na Apple da TrueCrypt duk sun buɗe musu, alhali ba su taɓa lissafin kullen kansa ba.

Kamfanoni suka shirya cewa kwamfuta ta riƙa shafe RAM kafin ta tashi. A Jami'ar Erlangen ta Jamus kuwa, a 2011 aka fito da TRESOR, dabarar ɓoye mabuɗi cikin injin sarrafa bayanai na kwamfuta (CPU) maimakon RAM. Mutanen jami'ar ne kuma, bayan shekara biyu, suka saka wayar Galaxy Nexus cikin firiza, suka ciro hotuna da lambobin waya daga cikinta.

Abin da ya fi damuna shi ne na 2018. Olle Segerdahl da Pasi Saarinen na kamfanin F-Secure sun nuna cewa wanda kwamfuta ta shiga hannunsa zai iya kashe wancan umarnin shafewa, ya sake tafka irin satar 2008. Yanzu kamfanonin AMD da Intel na ƙera injinan sarrafa bayanai da ke iya kulle RAM ɗin kansa, sai dai tsofaffin kwamfutoci sun cika ofisoshi da jakunkuna. Ɗan jarida ko lauya da ya rufe murfin kwamfutarsa a filin jirgi ya bar ta cikin barci, mabuɗinsa na nan a RAM. Shawarar masu binciken ita ce a kashe ta ɗungurungum, a kuma sa ta nemi lambar sirri tun kafin ta tashi.