Layukan haske masu ƙarfi a galaksi masu nisa

Layukan haske alamomi ne da ake gani idan aka raba hasken galaksi (wato babban tarin taurari da gas) zuwa launukansa da na'ura. Maimakon hasken ya bazu bai ɗaya, sai ya taru a wasu siraran wurare, kowane layi yana nuna wani sinadari da ke cikin iskar gas. A wasu galaksi masu nisa, ƙarfin layukan yakan kai ga sauya launin galaksin gaba ɗaya a hoto.

Tarihi

A 1864 William Huggins, a Ingila, ya duba wani gajimaren gas na sararin samaniya, ya ga koren layi da bai dace da kowane sinadarin da aka sani ba. An daɗe ana zaton sabon sinadari ne, har aka raɗa masa suna nebulium. Sai a 1927 Ira Bowen ya warware matsalar: oksijin ne da ya rasa elektron biyu (ƙananan ɓurɓushin da ke kewaya tsakiyar ƙwayar zarra), kuma ba ya fitar da wannan haske sai inda gas ya watsu ƙwarai, yanayin da ɗakin gwaji na wancan zamani ba ya iya samarwa. Wannan layi na nanomita 500.7 (ma'aunin tsawon zangon haske) shi ne har yau ya fi jan hankali a irin waɗannan galaksi.

Wajajen 1908 Edward Fath ya ga layuka masu haske a galaksin NGC 1068. A 1943 Carl Seyfert ya bayyana wasu galaksi shida da tsakiyarsu ke fitar da layuka masu faɗi. A 1981 masana taurari Baldwin da Phillips da Terlevich suka fito da hanyar gwada ƙarfin layuka da juna don gane tushen hasken, hanyar da ake amfani da ita har yanzu.

Dalilai

Babban dalilin ƙarfin layukan shi ne haihuwar taurari da yawa cikin ɗan lokaci. Manyan taurari sababbi, masu zafin da ya haura digiri 30,000, suna fitar da hasken ultrabayolet, wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani, wanda ke ƙwace elektron daga gas ɗin da ke kewaye da su. Shekaru miliyan kaɗan suke rayuwa, don haka layi mai ƙarfi shaida ce cewa haihuwar ba ta daɗe ba. Ƙarancin sinadarai masu nauyi yana ƙara wa abin ƙarfi, domin su ne ke sanyaya gas. Idan suka yi kaɗan, gas ya fi zafi, layin oksijin kuma ya fi haske.

Dalili na biyu shi ne katafaren baƙin rami (wuri mai ƙarfin jan da ko haske ba ya kuɓuce masa) da ke haɗiyar gas a tsakiyar galaksi. Karo tsakanin gajimaren gas ma yakan taka rawa.

Misalai

A 2007 masu aikin sa kai na Galaxy Zoo, shirin tantance hotunan galaksi a intanet, suka lura da wasu ƙananan galaksi korra shar, waɗanda aka yi wa laƙabi da koren wake. Binciken da aka wallafa a 2009 ya tattara 251 daga cikinsu. Na'urar hangen nesa ta James Webb, wadda aka harba a Disamba 2021, ta nuna cewa irinsu sun yi yawa a farkon zamanin sararin samaniya.

Saɓani

Masana ba su daidaita ba kan abin da ke haifar da layin sinadarin hiliyam mai ƙarfi a wasu galaksi: wasu sun ce taurari masu fitar da hasken X ne, wasu sun ce ƙananan baƙaƙen ramuka ko taurarin farko.