Tantance na'urorin auna taurin jijiyoyin jini

Tantancewa ita ce gwada sabuwar na'ura da wani ma'auni da aka riga aka amince da shi, domin a tabbatar da cewa tana auna taurin jijiyoyin jini daidai ba tare da an huda jiki ba. Abin da ake aunawa shi ne saurin tafiyar bugun jini, galibi tsakanin jijiyar wuya da ta gindin cinya, domin gwargwadon taurin jijiya, gwargwadon saurin bugun.

Tarihi

Masana Moens da Korteweg na ƙasar Holan ne suka kafa tushen lissafin da ya haɗa saurin bugun da taurin jijiya a 1878, sannan Bramwell da Hill suka yi amfani da shi a kan jikin ɗan'adam a Ingila a 1922. Na'urorin asibiti irin su Complior ta Faransa da SphygmoCor ta Ostareliya sun bazu ne tun daga wajajen shekarun 1990, sai dai kowace da yadda take auna tsawon hanyar da bugun ke bi, abin da ya sa sakamakonsu ya riƙa saɓawa. A 2012 masana a Turai suka amince a ɗauki kashi 80 cikin 100 na tazarar da aka auna kai tsaye a kan fata, wanda hakan ya sauko da iyakar saurin bugun da ke nuna haɗari daga mita 12 zuwa mita 10 a daƙiƙa.

Ƙa'idoji

Ƙungiyar ARTERY ta masu binciken jijiyoyin jini ta fitar da ƙa'idojin tantancewa a 2010. Ta buƙaci a gwada aƙalla mutum 90, maza da mata, daga rukunin shekaru uku, a kwatanta sakamakon da na SphygmoCor ko da na siririn bututun da ake zurawa cikin babbar jijiyar da ta fito daga zuciya. A ƙa'idojin na 2010, idan matsakaicin bambanci bai wuce mita 0.5 a daƙiƙa ba, warwatsuwar sakamako kuma ba ta haura mita 0.8 a daƙiƙa ba, na'urar ta yi fice. Idan bambancin ya kai mita 1, ta gaza. An sabunta ƙa'idojin a 2024.

Saɓani

Wasu na'urorin da ake ɗaurawa a damtse, kamar Mobil-O-Graph, ƙiyasi suke yi da taimakon shekarun mutum da awon jininsa. Masana ba su daidaita ba a kan ko wannan ya cancanci a kira shi awo.