Kasuwanci don amfanin jama'a: me dokar CIC ta Birtaniya ta warware, me ta bari?

A ce mutum uku a Birtaniya sun buɗe wajen gyaran kekuna, da niyyar koya wa matasan da suka fito daga gidan yari sana'a, su riƙa biyansu albashi daga cinikin da ake yi. Kafin shekarar 2005, manyan ƙofofin rajista da ke gabansu biyu ne. Ta farko kamfani irin wanda aka sani, wanda ribarsa ta masu hannun jari ce. Ta biyu ƙungiyar jinƙai, wadda gwamnati ke ɗauke mata haraji mai yawa, amma an taƙaita mata ciniki, kuma amintattun da ke jan ragamarta galibi ba a ba su albashi. In sun shiga ta farko, masu ba da tallafi za su ce 'yan kasuwa ne suka fake da taimako. In kuwa ta biyu ce, wanda ya assasa aikin sai ya zaɓa: ko ya zauna cikin amintattu ya yi aikin kyauta, ko ya karɓi albashi ya zama ma'aikacin waɗanda za su iya sallamarsa gobe.

Wannan tsaka mai wuyar ce ta sa majalisar dokokin ƙasar ta kafa wani sabon nau'in kamfani a cikin wata doka ta 2004, ƙa'idojinsa suka fara aiki a watan Yulin 2005. Ana kiransa CIC a taƙaice, wato kamfanin da aka kafa don amfanin al'umma. Kamfani ne sosai: yana saye da sayarwa, yana cin riba, yana biyan daraktocinsa albashi. Abin da ya bambanta shi sharuɗɗan da ya yarda a ɗaura masa ne.

Sharaɗin shiga ba shi da tsauri. Masu kafa kamfanin za su rubuta bayanin waɗanda za su amfana da yadda za su amfana, sai jami'in da doka ta naɗa don sa ido kan irin waɗannan kamfanoni, wanda ofishinsa ke birnin Kadif na yankin Wales, ya duba ko mutum mai hankali zai yarda cewa aikin na amfanin jama'a ne. Jam'iyyar siyasa ba ta shiga, haka kamfanin da ma'aikatan wani kamfani guda ne kawai za su ci moriyarsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne kulle dukiya. Duk abin da kamfanin ya mallaka, kuɗi ne ko gini ko mota, ba a fitar da shi a ƙasa da farashinsa na kasuwa, sai in za a ba wata ƙungiyar da ita ma dukiyarta a kulle take, ko kuma bayarwar ita kanta don amfanin al'umma ce. Motar kamfani da ta kai fam 20,000 ba za a sayar wa ƙanin darakta a kan fam 5,000 ba. Ranar da kamfanin ya rushe kuma, bayan an biya basussuka, mai hannun jari ba zai karɓi fiye da abin da ya zuba ba, ragowar ta tafi ga wata ƙungiya mai irin wannan kulle. Rabon riba ma an yi masa iyaka: kashi 35 cikin 100 na ribar da ake iya rabawa. Kamfanin da ya samu fam 100,000 ba zai raba wa masu jari sama da 35,000 ba, sauran ya koma cikin aikin.

Wannan kulle shi ne maganin babban ciwon da ke damun irin wannan kasuwanci, wato rashin yarda. Gidauniyar da za ta ba masu gyaran kekunan nan tallafi ta san kuɗinta ba za su ƙare a aljihun wani ba, ko da waɗanda suka kafa wajen sun tafi, wasu sun gaje su. Haka wanda ya kafa ba ya fargabar cewa wata rana masu jari za su sayar da kamfanin ga wanda ya fi tayi, a kori matasan a ci gaba da gyaran keke.

Sai dai taura biyu ba ta taunuwa. Kullen da ya kwantar wa mai tallafi hankali shi ne ke korar mai zuba jari, domin mai jari yana saka kuɗi ne da fatan ranar da darajar kamfani za ta ninka ya sayar da kasonsa, a nan kuwa an rage masa wannan fata ƙwarai. Hukumomi sun ga haka. Da farko, ban da iyakar kashi 35, akwai wata iyakar a kan ribar kowane hannun jari, sai aka cire ta a watan Oktoban 2014 don a jawo masu kuɗi. A lokacin ne kuma aka ɗaga iyakar kuɗin ruwa a kan bashin da ake biya gwargwadon cinikin kamfani zuwa kashi 20. Duk da haka yawancin kamfanonin CIC ba su da hannun jari ma sam. An yi musu rajista ne bisa lamunin mambobi, wato alkawarin da mambobi suka yi na biyan wani ɗan kuɗi in kamfanin ya rushe, don haka ba su da abin sayar wa mai jari, sai dai su nemi bashi ko tallafi. Ga wanda ke shirin kafa irin wannan kamfani, nan ne wurin dogon tunani, domin wanda aka kafa bisa lamuni ba a mayar da shi mai hannun jari daga baya.

Abin da ke ba mutane da yawa mamaki shi ne haraji. CIC ba ƙungiyar jinƙai ba ne, kuma doka ta hana kamfani ɗaya ya zama duka biyun. Yana biyan harajin kamfanoni kamar kowa, wanda tun Afrilun 2023 ya kama daga kashi 19 ga masu ƙaramar riba zuwa kashi 25. Waɗanda haraji ya fi damu sukan bi wata tsohuwar hanya: a kafa ƙungiyar jinƙai, ita kuma ta mallaki kamfanin da ke ciniki, kamfanin ya riƙa miƙa mata ribarsa a matsayin kyauta, a ɗauke haraji daga kan abin da aka miƙa. Hanyar tana aiki, amma littafin lissafi biyu ne da hukumar gudanarwa biyu, ƙaramin waje mai ma'aikata biyar zai ji jiki.

Gwamnati ta gwada cike giɓin jari ta wasu dokokin. A 2012 aka kafa asusun Big Society Capital, da kuɗin da aka manta da su a bankuna shekara da shekaru haɗe da jarin manyan bankuna huɗu, don samar wa irin waɗannan kamfanoni rance. Wata doka ta 2012 ɗin ta wajabta wa hukumomin gwamnati a Ingila su duba amfanin da jama'a za su samu kafin su ba da manyan kwangilolin hidima. A lura da kalmar: su duba, ba a ce lallai su ba wanda ya fi amfanar jama'a ba. An kuma yi rangwamen haraji na kashi 30 ga masu zuba kuɗi a wannan fanni daga 2014, amma aka rufe shirin a Afrilun 2023.

Saura batun nuna cewa ana amfanar jama'ar da gaske. Kowace shekara kamfanin zai miƙa rahoto tare da lissafin kuɗinsa, ya faɗi abin da ya yi wa al'umma, waɗanda ya tuntuɓa, albashin daraktoci da ribar da aka raba, kuma kowa na iya karantawa. Jami'in sa ido yana da ikon bincike, da cire darakta, har da neman kotu ta rushe kamfani. A ganina nan ne dokar ta fi rauni, domin ba ta ce a auna komai ba. Masu kekunan nan za su iya rubuta cewa sun "taimaki matasa" su wuce. Mai wayo ba ya tsayawa nan: yana rubuta matasa nawa ya ɗauka, nawa suka kammala, nawa ke riƙe da aiki bayan shekara guda, don irin waɗannan alƙaluma ne mai ba da kwangila ke tambaya.

Amurka ta bi wata hanyar daban. Jihar Maryland ce ta fara a 2010, Delaware ta biyo a 2013, da kamfanin da doka ta umarci daraktocinsa su auna amfanin jama'a tare da ribar masu jari. Babu kulle dukiya, babu iyakar rabon riba, shi ya sa jari ya fi saurin shigowa, amma in masu hannun jari suka haɗa kai za su iya sauke wannan alkawari. A Birtaniya babu wannan ƙofar. Kamfanin da ya zama CIC zai iya rikiɗa ya koma ƙungiyar jinƙai, ko wata ƙungiyar amfanin al'umma mai irin kullensa, ko a rushe shi, amma ba ya komawa kamfanin riba zalla, ko da duk masu shi sun sa hannu.